Gwanin Bin Sawu a Ƙasar Damagaram

Idan aka wayi gari da gawa a bayan wani ƙauye na Damargu ko Kutus, ko aka tarar da turke wayam an kwance raƙuma cikin dare, mutumin da ake fara aikawa a kira ba shi da kaki, ba shi da mota. Galibi dattijo ne, makiyayi ko maharbi, wanda duk yankin ya shaida idonsa yana ganin ƙasa. Jandarma na iya kasancewa tafiyar rabin yini daga wurin, kafin ya iso kuwa iska ta tashi, awaki sun fita kiwo, mata sun bi ta nan zuwa rijiya. Abin da rairayi ya riƙe da asuba da wuya ya kai azahar. Shi ya sa mai bin sawu, tun kafin ya sunkuya, da jama'a yake fara fama. "Don Allah kowa ya tsaya inda yake." Mai gari kansa in ya iso, sai a tare shi da ladabi: "Ranka ya daɗe, ta nan za a zagayo." Sa'an nan gwanin ya nemi ƙwarya ko tsohon kwano ya kife a kan sawun da ya fi fitowa sosai, ya karyo kara ya auna tsawonsa da faɗinsa, ya auna tazarar taku, ya yi wa karan tsaga a kowane ma'auni. Wannan karan zai riƙe har ƙarshen tafiya, duk inda shakka ta zo sai ya ɗora shi a ƙasa.

Yana son rana tana ƙasa-ƙasa, da sassafe ko bayan la'asar. Yakan tsaya ta yadda sawun zai kasance tsakaninsa da rana, domin inuwa ta cika gefen ramin, abin da ba a gani ya fito. Da rana ta take tsaka sai jigawa ta yi fari fat, komai ya baje, a lokacin nan ko gwani yakan rage sauri. Kuma ba ya taka sawun da yake bi, gefe yake tafiya, don kada ya ɓata abin da wataƙila zai dawo ya sake dubawa.

Ƙafar mutum tana da surutu. Babu mutum biyu da ke taka ƙasa iri ɗaya: wani da dunduniya yake dirawa, wani da gefen ƙafa, wani babban yatsansa ya ware, wani yana jan ƙafar hagu kaɗan har ta bar ɗan layi kafin kowane taku. Faso yana fita a ƙasa mai laushi. Takalmi ma ba ya rufa asiri, don fade ko silifa ko takalmin danko da makiyaya ke sawa, kowanne yana cinyewa ne ta wajen da mai shi ke dannawa, kuma wanda ya ari takalmin wani tafiyarsa ta kansa zai yi a ciki. Mai gudu yatsunsa ke nutsewa, yana watsa rairayi baya. Mai ɗauke da kaya mai nauyi takunsa gajere ne, ƙafafunsa a buɗe, sawunsa da zurfi. In aka ga mutum ya shigo da taku mai sauƙi ya fita da mai nauyi, an san da abin da ya fita bai zo da shi ba. Mai tafiyar dare yakan afka wa ƙaya da kututturen da mai tafiyar rana zai kauce wa. Akwai kuma abin da na fi jin daɗinsa a cikin wannan ilimi: sawu yana bambanta baƙo da ɗan gida. Baƙo yakan yi ta kewaya shinge yana neman mashiga. Wanda ya miƙe kai tsaye cikin duhu zuwa inda darni ya yi rauni, ya kauce wa bukkar da kare ke kwana, wannan ya san gidan, ko wanda ya san gidan ya yi masa kwatance. Da ɗan gari akan ci gari.

A wurin kisa, gwanin baya yake fara komawa kafin ya yi gaba. Yana son ya san yadda mamacin ya zo nan. In sawu biyu suka taho kafaɗa da kafaɗa, taku a natse, wani lokaci su tsaya su fuskanci juna su ci gaba, to hira suke yi, ke nan mamacin ya san wanda ya kashe shi kuma bai ji tsoronsa ba. In kuwa bayan wata sabara aka sami wurin da mutum ya daɗe a tsugune, yana sauya ƙafa, ya tofar da tuƙar goro, ya kakkarya 'yan tsinke da hannu don zaman jira, to kwanton ɓauna ne, kuma mai kwanton ya san hanyar da mamacin ke bi da lokacin da yake binta. Ɗigon jini yana da ɗan wutsiya da ke nuna inda mai jinin ya dosa. Gawar da aka jawo daga wani wuri takan bar layi biyu na dugadugai, jinin da ke ƙarƙashinta kuma bai kai yadda raunin ya kamata ya zubar ba. Duk wannan kafin a tambayi kowa komai.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ke raba gwani da ɗan koyo. Kowa na iya ganin sawu, amma yaushe aka yi shi? Sabon sawu bakinsa da kaifi, cikinsa ya fi kewayensa duhu saboda danshin da aka tono. Da ya sha iska sai bakin ya zube, ya yi laushi. Gwanin yana riƙe da lissafin daren jiya a kansa: yaushe iska ta kwanta, yaushe raɓa ta sauka. Sawun da raɓa ta sauka a kansa ya riga ta. Wanda ya fasa ɓawon raɓa bayanta aka yi shi. Ƙananan halittu su ne shaidunsa. Ɓera da bushiya da buzuzu da dare suke yawo, kurciya da zabi da safe suke sauka, ƙadangare sai rana ta yi zafi. In layin ɓera ya ratsa ta kan sawun mutum, mutumin ya wuce da sauran dare. In sawun ne ya danne na kurciya, gari ya riga ya waye. Reshen tumfafiya da aka karya yana zubar da farin ruwa, kuma ruwan yana da lokacin da yake ɗauka kafin ya bushe ya yi danƙo. Toka a tona ta a sa bayan hannu. Ganyen shayin da aka zubar a taɓa a ji ko da sauran laima. Ƙarangiya ma tana taimakawa, don babu mai ratsa ta da dare bai tsaya ba: can gaba za a tarar da inda ya zauna yana cire ta daga wando, ya bar 'yar tsibi a gefe, tare da shatar zamansa da ta sandarsa ko takobinsa ko gindin bindigarsa.

Dabba ta fi mutum sauƙi ta wani wajen, ta wani wajen kuma ta fi shi zurfi. Sawun gaba na raƙumi ya fi na baya girma, saboda a gaba nauyinsa yake. Raƙumin da ya tashi a rairayin Tasker tafinsa da laushi, wanda ya saba da tsakuwa tafinsa ya goge ya yi sulɓi. Wanda ya ɓace don kansa yakan yi ta yawo daga wannan kandili zuwa waccan aduwa yana ci. Wanda ake ja da akala layi ɗaya yake bi, ba ya kai baki ko'ina, kuma a gabansa ko gefensa akwai ƙafar mutum. Kashinsa a murƙushe shi a ga abin da ya ci, a san daga wane daji ya fito da kuma ko ya daɗe bai sha ruwa ba, daga nan sai a yi hasashen rijiyar da dole a kai shi. Shanun sata a cure suke tafiya, kashinsu a warwatse bisa hanya domin ba a bar su sun tsaya ba. Fitsarin sa yana sauka tsakanin sawun gaba da na baya, na saniya a bayan na baya, don haka ana iya faɗin maza nawa mata nawa ba a ga ko ɗaya ba.

Ɓarawo ma ba wawa ba ne, sau da yawa shi ma ɗan kiwo ne da ya san abin da ake dubawa. Yakan shiga burtali ya gauraya da sawun garke, ko ya jira daren da gobe kasuwa, ya san kafin hantsi ɗaruruwan ƙafafu da kofatai masu tafiya Damagaram ranar Alhamis za su share masa hanya. Yakan bi fako, ko ya hau irin manyan duwatsun nan da suka kewaye Birni da Mirya, inda ƙafa ba ta barin komai. Wani ya ja reshe a bayansa, wani ya yi tafiya da baya-baya. Tafiya da baya ba ta ruɗin gwani, don takun yana gajarcewa kuma rairayin yana zubewa ta wajen da bai kamata ba. Reshe kuwa ya share sawu ne ya bar sawun reshe. Inda aiki yake shi ne dutse da fako. A nan gwanin ba ya ɓata lokaci yana ƙura wa dutse ido. Sai ya sa alama a sawun ƙarshe, ya fita ya yi zobe mai faɗi a kan ƙasa mai laushi da ke kewaye, domin duk wanda ya hau dole ya sauka. In zoben farko bai ba shi ba, ya faɗaɗa. Kuma yana yi yana tambayar kansa: in ni ne da raƙuma uku masu ƙishi, gari na shirin wayewa, ina zan nufa? Rabin bin sawu a ƙasa yake, rabi a cikin kan wanda ake bi.

Babu makarantar da ake koyar da wannan. Yaron da aka ba kiwon awaki yana shekara bakwai, in ɗaya ta ɓace shi zai nemo ta ko ya sha faɗa, don haka kafin ya girma ya san kofaton kowace akuya a garkensu. Uwa a ruga tana duban ƙofar bukka ta san wane ɗa ya fita. Daga cikin irin waɗannan yara ɗari, ɗaya ne zai zama wanda ake aiko wa doki ko babur daga wani gari, kuma ana samunsa a cikin Buzaye da Tubawa da Fulani da Barebari da Hausawa, duk wanda rayuwarsa ta rataya a kan dabba da daji.

Sana'ar tsohuwa ce, kuma almajiran ilimi sun san ta da sunan ƙiyafa. A labarin hijira, Ƙuraishawa sun ɗauki mai bin sawu, Kurzu ɗan Alƙama, shi ya kai su har bakin kogon Sauru. A hadisin mutanen Uraina, waɗanda suka kashe makiyayi suka kore raƙuma, Muslim ya ruwaito cewa an tura samari a bayansu tare da mai bin sawu: kisa a makiyaya, satar dabbobi, da gwanin da ya bi ƙasa har aka kamo su, kamar yau aka yi a arewacin Tanut. Malaman tarihi na Larabawa sun kawo labarin 'ya'yan Nizaru huɗu da suka siffanta raƙumin da ba su taɓa gani ba. Sun ce mai ido ɗaya ne saboda gefe guda ya yi ta ci, sun ce ba shi da wutsiya saboda kashinsa a tare yake zuba. Irin wannan labari ne Voltaire ya sake ginawa a littafinsa Zadig a 1747, kuma masu nazarin adabi suna lissafa shi cikin kakannin labaran bincike na Turai. Sherlock Holmes kansa, a littafin da Conan Doyle ya fitar a 1890, yana alfahari da cewa ya yi rubutu a kan bin sawun ƙafa. Wato jarumin da ake karantawa a Landan jikan makiyayin raƙuma ne. Amma a lura da abin da ya sami 'ya'yan Nizaru: da mai raƙumin ya ji sun siffanta dabbarsa daidai, cewa ya yi su suka sace. Wanda ya san abu da yawa game da laifi, shi ake fara zargi.

Wannan ya kawo mu inda nake ganin girman gwanin na gaskiya yake. Ya san iyakar abin da ƙasa ta gaya masa, kuma ba ya ƙara mata ko kalma. Zai ce mutum biyu ne, ɗaya dogo mai ɗingishi, sun wuce kafin raɓa, sun shiga garin nan ta yamma. Suna kuwa ba ya fita daga bakinsa cikin taro, ko da zuciyarsa ta raya masa. A al'adar ƙauyuka da dama na Sahel, in sawu ya shiga gari, masu bi ba sa kutsawa gidajen mutane. Wurin mai gari ake zuwa a yi sallama, a faɗi abin da ya kawo su, sa'an nan mutanen garin su fito tare da baƙin a zagaya a nemi inda sawun ya fita. In ya fita, gari ya wanku, a yi musu rakiya zuwa gaba. In bai fita ba, magana ta koma hannun manya. Hikimar wannan a fili take, domin Bahaushe ya daɗe da sanin akwai wanda ke taka sawun ɓarawo ba shi ya yi sata ba. Fiƙihun Malikiyya ma bai yi wasa da jini ba: Risala ta ɗora tabbatar da kisa a kan shaidu, ko iƙirari, ko rantsuwa hamsin da sharuɗɗanta. Alamomi suna da matsayinsu, Ibnu Farhun ya yi musu dogon bayani a Tabsira, kuma rigar Annabi Yusufu da ta yage ta baya ita ce babban misali. Amma a surar Yusufu ɗin akwai wata rigar da aka shafa wa jinin ƙarya. Mai bin sawu na kirki yana aiki da sanin rigunan nan biyu.

Taron 'yan bindiga kuwa wani abu ne dabam, kuma ƙasar nan ta ga irinsa tun da daɗewa. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta taso daga bakin Kwara ta nufo Damagaram, inda aka kashe Kyaftin Cazemajou a watan Mayun 1898 a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Da labarin ta'asarsu ya isa Faransa, sai aka tura Kanar Klobb ya bi bayansu ya bincika. Bai buƙaci gwani ba. Garuruwan da aka ƙone, rijiyoyin da aka cika da gawa, abin da aka yi wa Birnin Ƙonni a watan Mayu, yaran da ya tarar a rataye a Koran Kalgo, ko makaho zai bi wannan hanya. Mutanen ƙasa da aka tilasta wa yin jagora, in aka zarge su da ɓatar da runduna, rataye su ake yi. Sanin daji ya zame musu bala'i. Wahalar Klobb tana ƙarshen sawun. Ranar 14 ga Yuli, kusa da Dankori a ƙasar Tasawa, ya cim musu da 'yan rakiya kaɗan, Voulet ya sa aka harbe shi. Cikin kwana uku sojojin rundunar suka juya suka kashe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi, sauran suka ci gaba, aka yi yaƙin Tirmini a ƙarshen watan, Damagaram ta faɗi. Abdoulaye Mamani, ɗan siyasar Damagaram kuma marubuci, daga wannan tafiya ya ciro littafinsa Sarraounia a 1980. Har an ruwaito cewa a 1923 wani jami'in mulkin mallaka a Tasawa, Robert Delavignette, ya sa an tone kaburburan mutanen biyu aka tarar ba kowa a ciki. Marubucin da ke neman abin da zai hana mai karatu barci, ga shi nan a ƙofar gida.

Yau masu kisan a kan babura suke zuwa. Tun da hare-haren Boko Haram suka shigo Bosso da Diffa a Fabrairun 2015, har hukuma ta hana hawan babur a yankin, da kuma satar mutane da shanu da ta addabi Madarunfa da Gidan Rumji a kan iyaka, aikin ya sauya fuska. Gwanin yana iya karanta taya: zanenta, facin da aka yi mata, yadda ta baya ta nutse in mutum uku ne a kai, inda mahayin ya sauke ƙafa a rairayi mai zurfi ya bar shatar takalminsa, ɗigon baƙin mai inda suka tsaya. Yana iya ƙirga baburan a inda suka rabu a kwana. Sai dai babur yana cinye tafiyar yini cikin sa'a guda, kuma wanda ake bi yana iya komowa ya kwanta a gefen sawun kansa yana jira. Saboda haka sau da yawa iyakar abin da gwanin zai yi shi ne ya ce su kaza ne, nan suka dosa, ya bar sauran ga masu kaki.

Hatsarin da ya fi wannan yana bayansa, cikin mutanen da suka biyo shi. A Toda, a jihar Maradi, a watan Oktoban 1991, rikicin manoma da makiyaya ya ƙare da kashe Fulani fiye da 100, akasarinsu mata da yara, kuma babu wanda ya tsaya tambayar wace ƙafa ce ta yi laifi. Duk inda 'yan sa-kai suka yi ƙarfi, sawun mutum biyu da ya ratsa kusa da ruga yana iya zama hukuncin kisa a kan ruga duka.

Adabinmu ya iya ƙera mugu. Wanda ya karanta Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, na 1982, ba ya manta Mailoma da 'yan ta'addarsa. Mai bincike ne muke da ƙarancinsa, kuma in an kawo shi sai a aro shi daga fina-finan waje, da tabarau da ƙaramar bindiga, alhali ga dattijon nan da karansa. A ba shi babi guda kawai. Ya bi sawu tun asuba, samari talatin na biye da shi da adduna da bindigogin toka, ƙanen mamacin na cikinsu. Can da la'asar sakaliya ya hango inda sawun ya dosa, wasu bukkoki ne da hayaƙin tuwo ke tashi, yara na wasa a bakin garke. Shi kaɗai ya lura cewa mutum biyun da yake bi sun tsaya a rijiyar mutanen nan ne suka sha ruwa, kuma bai riga ya ga ko sun fita ta gabas ba. Yana buƙatar rabin sa'a da sauran hasken rana ya yi zobensa, samarin kuwa ba za su ba shi minti biyar ba in suka gane. Sai ya tsaya tun da nisa, ya dafa ƙugu, ya ce wa babban cikinsu, "Ɗana, sawu ya rikice mini a fakon nan. A aika a kira mai gari, ku kuma ku zauna a inuwa kada ku tattake mini ƙasa." Ya ɗauki yaro guda mai riƙe masa buta, ya yi arewa, nesa da bukkokin, don ya zagayo musu ta baya.